Rasuwar Faifan Sama

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni mai ɗaukar hoto, a madadin kaina da yayata wadda muke riƙe da shagon nan tare, ina sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Faifan Sama, ɗaya daga cikin tagwayen faifan ajiya da ke cikin babbar kwamfutarmu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin teburin ɗakin baya, yana da shekara tara da wata huɗu a bakin aiki.

Marigayin mai riƙon amana ne. Duk hoton da aka ɗauka a shagon nan, na aure, na jarirai, na fasfo, har waɗanda mutum ya rufe ido ya ce a goge, yana wurinsa, kuma bai taɓa nuna wa wani na wani ba. Kullum da safe idan na danna maɓalli sai ya ce "fiit", ya ɗan yi "ƙir-ƙir-ƙir" kamar mai gyaran murya, daga nan aiki ya kankama. Ya sha zafi, ya sha ƙura, ya sha ɗaukewar wuta ba adadi. Sau ɗaya Yaya ta zubar masa da shayi a ka, bai riƙe ta a zuci ba.

Rana ɗaya na sayo su da ɗan'uwansa Faifan Ƙasa, na haɗa su yadda duk abin da aka rubuta wa ɗaya sai an rubuta wa ɗayan, don idan wani ya mutu wani ya riƙe gida. Shekara tara ina yi wa mutane alfahari da wannan dabara.

Amma tunda ranar faɗin gaskiya ce, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke tada kwamfuta idan an kunna ta, tana zama a farkon faifai. Ranar da nake haɗa su, na saka wa na sama ta zauna lafiya. Na zo saka wa na ƙasa, allo ya cika da jan rubutu. Na sake, ya sake. Ga mutane na jira a ɗauke su hoto, sai na ce gobe zan gyara. Ban sake bi ta kai ba.

Jinyar marigayin ta mako uku ce. "Ƙir-ƙir" ɗin nan ta koma "tik... tik... tik". Yaya ta ce, "Kai, wannan abin naka ba lafiya." Na ce mata tsufa ne kawai, kuma ko ya tafi ai akwai ɗan'uwansa. Ranar Talata aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, na danna maɓalli. Ya yi "tik" sau biyu. Bai ƙara cewa komai ba.

Ban firgita ba. Na cire shi da girmamawa, na bar na ƙasa shi kaɗai, na kunna ina murmushi. Baƙin allo, da wani ɗan farin layi yana ƙyafta mini ido. Duk abin da marigayin ya sani ɗan'uwansa ya sani, abu ɗaya ne ba a koya masa ba: yadda ake tashi daga barci.

A daidai lokacin wata dattijuwa, uwar amarya, tana zaune a bencinmu da jakar tafiya. Ta zo karɓar kundin hotunan auren autarta, motar ƙarfe huɗu za ta bi ta kai mata da hannunta. Hoto ɗari uku da wani abu, ba mu buga ko ɗaya ba, kuma na riga na goge su daga kyamara.

"Ɗan nan, lafiya na ga kana gumi?"

"Lafiya lau, Mama. Na'urar ce ke ɗan hutawa."

"To ta huta. Ni ma ina nan ina hutawa, ba inda za ni."

Yaya ta miƙe tsaye. Waya ta ɗauka ta kira Injiniya, matar da ke gyaran kwamfuta a layin bayanmu. Ta zo da jakarta, ta tada na'urar da wani ɗan filas, ƙaramin ma'ajin bayanai, da ke rataye a makullanta, ta leƙa cikin na ƙasa ta ce, "Hotunanku suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba." Yaya ta zauna a ƙasa. Sannan Injiniya ta ƙara dubawa, ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau.

"Malam mai hoto, wa ya haɗa muku wannan?"

Na ce wani ne, ya daɗe da barin gari.

"Shi ne," in ji Yaya.

Injiniya ta saka manhajar, muka kunna, ya ƙi. Ashe kwamfutar tana neman marigayin ne da sunansa, ba ta yarda ya tafi ba. Sai da aka shiga can cikin saitinta aka nuna mata wanda ya rage. Ƙarfe biyu da kwata muka ji "fiit". Muryar ba irin ta marigayin ba ce, ta fi siriri, amma ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba. Ni bugu, Yaya yanka, Injiniya da ba aikinta ba tana shafa gam. Uwar amarya ta karɓi kundinta huɗu saura minti ashirin, ta buɗe shafin farko ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah ya ba na'urarku lafiya."

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa Faifan Ƙasa, da sabon faifai da aka kawo jiya wanda har yanzu yake kwafar karatu, da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa sai an taɓa ta da biro, da firinta wadda ba su taɓa jituwa ba, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar a bayan shago. Saboda sirrin jama'a da ke cikinsa, Injiniya za ta huda shi da injin huji sau huɗu kafin a miƙa shi ga mai tara tsofaffin ƙarafa. Bencinmu ɗaya ne, mai zuwa ya zo da kujerarsa.

Bayan an gama, bisa umarnin Yaya, zan cire faifai ɗaya a gaban kowa in kunna kwamfutar, in mayar da shi, in cire ɗayan in sake kunnawa, a ga ko kowanne zai iya tashi shi kaɗai. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su watse kafin wannan, kuma duk mai sauran addu'a ya adana mini ita zuwa lokacin.