Hular Kwano a Akwatin Inna

"Lafiya lau na kwana, Maigida, in ban da munsharinka da ya hana ni sakat. Ina gajiyar yawon gari?"

"Babu gajiya, Amarya. Munsharin nan kuwa naki ne, bango ya buga ya dawo miki. Ɗauko mayafinki, yau za a soka miki tsinke a hanci kowa ya huta."

Haka uwata da ɗana suke gaisawa kowace safiya, ni kuma ina tsakiya da kofin shayi, ba ni da bakin raba su. Inna ta zo mana ne da bizar yawon buɗe ido, wai ta ga gari, ta ga jikoki, ta koma. Ko akwatinta ba ta gama kwancewa ba annoba ta sauka, aka rufe filayen jirgi, aka kulle kowa a ɗaki. Watanni ta yi a kujerar da ke gefen tagar falonmu, can saman bene, kullum tana mitar gida da kajinta da maƙwabtanta.

To yanzu an buɗe hanya, an samo mata kujera a jirgi. Sharaɗin ɗaya ne: a yi mata gwajin cutar yau, in ba haka ba jirgi ya tashi babu ita, ga bizar da aka yi ta ƙara mata ta zo ƙarshe. Motarmu tana gareji. Bas likita ya hana ta shiga saboda cunkoso. Mai tasin da na kira kuwa ina banɗaki ya iso, Inna ta leƙa ta taga ta yi masa hannu, bawan Allah ya ja motarsa. Abin da ya rage shi ne babur ɗin ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa. Da shi yake kai wa mutane abinci gida-gida.

"Babur?" Inna ta ajiye carbinta. "Ni? Da girmana da jikokina?"

"Jikokin naki ni ne babbansu, kuma ni ne direban."

"A ina zan zauna? Cikin akwatin nan da kake zuba abincin mutane?"

"Na auna ki da ido, za ki shiga har a samu wurin miya. Amma na tausaya miki, na kwance shi tun da safe."

"Wato ni saƙo ce."

"Saƙo kuwa da ya daɗe a hanya. Masu shi sun gaji da jira, mu masu ajiya mun fi su gajiya."

"Kai dai miji ne na asara. Mazan mutane suna ɗaukar matansu a mota mai sanyi, ni nawa keke mai tari ya mallaka."

"Sanyi kike so? Hau ki ji. Ba a ƙera motar da ta kai babur iska ba. Kuma ki iya bakinki, tsohuwa. Ni yanzu ɗan ƙasa ne a nan, da fasfo sabo fil. Ke kuwa baƙuwa ce mai biza a bakin ƙarewa. Waya ɗaya zan buga."

"Buga! Ka ce musu matarka ta fi ƙarfinka. Ɗan ƙasa da gajeren wando!"

Dole na ajiye kofin don kada in ƙware. Gaskiyarta ce. Lokacin da ranar rantsuwarsa ta zama ɗan ƙasa ta zo, ofisoshi duk a rufe suke, sai aka yi abin ta kwamfuta, a kan teburin cin abincinmu.

"Da idona na gani," in ji Inna. "Daga sama kwat da igiyar wuya kamar mutumin kirki. Daga ƙasa gajeren wandon ƙwallo mai huji, da silifas ɗin uwarka. Da mutanen nan sun ce ka miƙe tsaye, da yanzu kujerarmu ɗaya a jirgi."

"Ai ke ma kin shiga rantsuwar. Ina cikin ɗaga hannu kika ratsa ta bayana da buta, kina tambayar wa ya ƙarar da ruwan zafi. Jami'in ya ce wace ce wannan, na ce kakata ce mai yawon buɗe ido, yau banɗaki za ta ziyarta."

"Yawon buɗe ido! Me na gani a garin nan naku? Taga, da bangon maƙwabta, da tsohon can da ke fita da karensa. Karen ma riga yake sawa, kuma wallahi ya fi ka iya kwalliya."

"Shi ya sa kike wuni a tagar? Ashe tsohon kike kallo. Umma, kina ji, a gabana."

"Kada ku sa ni a ciki," na ce. "Lokaci yana tafiya, ku sauka ƙasa."

Inna ta yarda ta sauko, wai don ta ga abin da za ta ƙi da idonta. Na lallaɓa ta ta sa dogon wando a ƙarƙashin zane, tana yi tana harara ta. A ƙasa babur ɗin yana jingine kusa da kwandunan shara, an goge shi yana ƙyalli. Yaron nan ya ciro huluna biyu na kwano. Ɗaya baƙa ce mai gilashi, wadda yake ji da ita kamar ransa, ko ƙanwarsa ba ta isa ta taɓa ba. Ɗayar tsohuwa ce mai tabo, ta fasinja, ita ya miƙa wa Inna.

"Wannan fa?"

"Hularki."

"Ni za ka ba mai tabo, kai ka sa mai ƙyalli? Me ke cikin kan naka da ake tsoron ya fashe?"

"Hanyar asibitin tana ciki."

"Ba ni baƙar, ko in koma sama."

Ya dube ni, na ɗauke kai. Haka ya miƙa mata, fuskarsa kamar an ce ya ba da ƙoda. Sai kuma wata rigimar ta taso, domin Inna ta kafa ɗaurin ɗankwali mai hawa-hawa, hular ta tsaya a samansa tana lilo.

"Sai kin sauke ginin nan, Amarya."

"In buɗe kaina a titi? Kana da kishi kuwa?"

"Wa zai kalla? Tsohon mai kare bai fito ba."

Na kare ta da mayafina ta warware ɗankwalin, ta ɗaura shi a kwance. Aka sa takunkumi, aka mayar da tabarau, aka kifa hula. Nan take tabaraun ya yi gumi.

"Ba na ganin komai!"

"Ba ki yi asara ba, ni ne a gabanki. Ɗaga ƙafa ki haura."

"A karkace zan zauna, kamar mace mai mutunci."

"A kwanar farko zan ajiye mutuncin naki a kwalta. Haura, ki riƙe ni da kyau."

"In rungume ka a bainar jama'a? Ka yi wanka ma yau?"

Ya tada babur, ya gyara madubi, yana jira. Inna ta ɗora hannu ɗaya a kan kujerar, ta tsaya. Ba ta hau ba, ba ta kuma ja da baya ba. Na duba wayata, na ga in aka ƙara ɓata lokaci za a ba wani layinta. Shi ma ya lura. Ya kashe injin, ya juyo.

"Tsaya, tsohuwa. Ke da kika ishe mu da gida, gida, me ya sa kika kori mai tasi?"

"Fuskarsa ba ta yi min ba."

"Daga saman bene? Da takunkumi a fuskarsa?"

"To tsayuwar motarsa ce ba ta yi min ba."

"Amarya."

Ta ɗaga gilashin hular da ƙyar, ta cire tabaraun tana gogewa da bakin mayafi, ba ta dube shi ba.

"In na hau wannan abin za a gwada ni. In an gwada ni zan hau jirgi. In na hau jirgi kuma shi ke nan. Da kana baƙo irina, ina ce wa raina wata rana za su gaji da kai su koro min kai gida. Yanzu ka ɗaga hannu ka rantse musu, wa zai koro ka? Kakanka ya rasu kana nan, ta waya ka yi min gaisuwa. Ni ma na san ta wayar za a gaya maka, kana tsaye a ƙofar wani da abincinsa a hannu."

Wallahi sai da hawaye ya cika min ido. Watannin nan duk ina ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa gane abin da ke cinta ba. Yaron nan ya hau murza makullin babur, har na ɗauka yau an kai shi ƙasa.

"Ke da ba ki da niyyar mutuwa?" ya ce daga baya. "Annoba ta zagaye duniya, ta leƙo tagar can, ta gan ki, ta ce a'a, wannan ta fi ƙarfina. Kuma fasfon da kike zagi shi ya kwance min ƙafa. Lokacin rasuwar tsoho takarduna suna hannunsu, in na fita ba lalle in iya dawowa ba. Yanzu kuwa in je in dawo yadda na ga dama. Sai kin gaji da ciyar da ni."

"Bakinka ya saba da alkawari."

"Naki ya saba da mita. Hau, kafin in mayar da akwatin in saka ki ciki."

Ta yi bisimilla ta haura, ni na tura ta ta baya. Babur bai fi tafiyar mai keke ba, amma har suka sha kwana ina jin muryarta daga cikin hula: "A hankali, ɗan nema! Ba ni da wani ƙashin a ajiye!"

Na koma sama na ci gaba da ninke mata kaya a akwati. Na gama, na share falo, na dafa abincin rana, shiru. Na buga wayarsa ba a ɗauka ba. Na zauna a kujerar Inna ina leƙen titi, ina saƙa abubuwa marasa daɗi, har tsohon mai kare ya fita ya dawo. Sai can na ji hayaniyarsu a matakala. Inna ce a gaba, hula a kanta har yanzu, tana hawa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"An yi gwajin?" na tambaya.

"An yi. Yarinyar nan ta soka min tsinke har ta taɓo abin da na manta tun ina budurwa."

"Atishawa ɗaya ta yi, masu layi suka watse," in ji shi. "Umma, duba min haƙarƙari, ina jin ta karya biyu."

"Kai nake riƙewa kada ka faɗi. Miji kamar tsinken tsintsiya."

"To ina kuka tsaya?"

"Tambaye ta. Muna fitowa ta ce ba ta wannan hanyar za a koma ba. Na kai ta babbar gada ta ga kogi. Na zagaya da ita lambun shaƙatawa, da tsohuwar kasuwa, da dogon ginin nan mai agogo. A danja wani mai jar mota ya tsaya kusa da mu, ta dungure ni a baya, wai kada in bari ya riga mu."

"Kuma ya riga mu. Ka kunyata ni."

"Da buhu a baya ta ina zan riga shi?"

"Garin naku ba laifi," ta ce da ni, kamar ba ta ji shi ba. "Kogin dai bai kai yadda ake zuzuta shi ba."

Ta zauna, ta sa na kwance mata igiyar hular. Ta ɗaga ta, ta goge gilashin da mayafi, ya miƙo hannu zai karɓa. Sai ta wuce shi, ta nufi akwatin da na bari a buɗe, ta kwashe zannuwa biyu ta ajiye gefe, ta danna hular a tsakiyar kaya.

"Kai! Amarya! Hulata ce ta aiki!"

"Ga mai tabo can, ta dace da kanka."

"Me za ki yi da hular kwano a gida? Ko babur ba ki da shi."

"Ba ruwanka. In kana son kwanonka, ka san gidan, ka san ɗakin. Ga fasfo sabo fil, in ji ka. Ka zo da ƙafarka ka karɓa. Ba na ba ɗan aike, ba na kuma aikawa ta gidan waya."

Ya tsaya baki buɗe, ya dubi akwatin, ya dube ta. Sai ya fashe da dariya har da dafa bango. Ya zare safar hannunsa ta babur, ya jefa su a kan hular.

"Haɗa da waɗannan, tare suke tafiya. Kin ci, tsohuwa. Amma don Allah kada ki bari kajinki su yi min ƙwai a ciki."

"Ya rage naka, Maigida. In ka daɗe, ka tarar sun ƙyanƙyashe."

Akwatin ya ƙi rufuwa saboda tudun hular. Shi ya hau kai ya zauna, ita ta ja zif ɗin.