Baturiyar Cikin Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofis a Roni, ina ji da kaina kamar a gidanmu aka ƙirƙiro Turanci. (Gaskiyar magana, Turancin nawa bai wuce na gaisuwa da cike fam ba, amma in na jera biro uku a aljihu sai ka rantse daga Ingila na dawo.) Sai aka ce wasu baƙi za su zo taron wayar da kai kan ilimin mata da ba su dama daidai da maza, kuma ni zan yi jawabin maraba da Turanci ranar Alhamis. Na rubuta shafi biyu masu daɗin ji. Na roƙi oga ya riƙa sakina bayan azahar in je gida in haddace, ya yarda.

Akwai abin da ya kamata in faɗa muku tun yanzu, ko da yake ba na son faɗa. A damunar da ta wuce, matata Binta ta kai 'yarmu Hafsa asibiti a Kazaure. Likitan ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci, ta zauna da yarinya jikinta zafi zau har aka samo mai fassara. Da ta dawo ta roƙe ni in bar ta ta riƙa bin darasin Turanci da ake yi a rediyo ƙarfe biyu na rana. Na yi dariya na ce, "Tuwo za ki tuƙa da Turancin? Ai ina nan." Da ta sake maganar na daka mata tsawa, washegari na ɗauke rediyon na kai ofis. Ni ne fa mai jawabin daidaito.

Ran Litinin na dawo gida, ba kowa. Hafsa tana makaranta, Binta kuwa dama ta ce kullum bayan azahar tana leƙa gidan yayarta. Na zaga bayan gida inda tsohon rumbun mahaifina yake, a gindin tsamiya. Tun rasuwarsa ba a sake zuba hatsi a ciki ba, ni kuma ba na zaga bayansa tun da aka kashe maciji a wurin. Bazara ce, rana ta take, gari ya yi tsit. Ko kaji ba sa motsi.

Na buɗe takarda ke nan, sai na ji muryar mace. Daga cikin rumbun take fitowa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, ba hawa ba sauka. Da Turanci ta ce, "Barka da rana. Mene ne sunanka?"

Tsigar jikina ta tashi. Kun san me na yi? Na faɗa mata. Wallahi har da sunan mahaifina na haɗa. Aka yi shiru. Can sai ta sake tambaya, daidai yadda ta yi da farko, kamar ba ta gamsu da amsar ba. Ban san lokacin da na tsinci kaina a shagon mai shayi ba, takalmi ƙafa ɗaya. Ban koma gida ba sai bayan la'asar.

Ban gaya wa Binta ba, wai don mata tsoro gare su. Ta ga ban ci tuwo ba ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce aiki ne ya yi yawa.

Talata na yi ta maza na koma, ina karanta duk addu'ar da na iya. Na tsaya daga nesa. Shiru. Har na fara cewa zafi ne ya taɓa min kai jiya, sai muryar ta taso: "Jiya na jira ka." Shiru. "Yau ina jiran ka." Shiru. Wani busasshen ɗan tsamiya ya faɗo kan jinkar rumbun, ƙwas. "Gobe zan jira ka."

Jama'a, na ji tsoro. Ba kunya, na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Kai tsaye na wuce gidan Baffa Sale, ƙanen mahaifina.

Baffa bai ko yi mamaki ba. Ya ce, "Dama na san za a rina. Kakanmu ya ce zamanin Turawa wata Baturiya ta yada zango a gindin tsamiyar nan, ta kwana uku tana zazzaɓi. Aljanun wurin a bakinta suka koyi yaren. Kai kuma ka je kana yi musu Turanci, ai dole su amsa."

Laraba da ƙarfe biyu muka hallara, ni da Baffa da Liman da maƙwabta wajen goma, mata suna leƙe ta kan katanga. Muka yi cirko-cirko cikin rana. Ina addu'a ta yi magana kar a ce ƙarya nake, ina kuma addu'a kar ta yi. Sai ga ta: "'Yata ba ta da lafiya. Don Allah ka taimake ni."

Na fassara musu. Wata tsohuwa ta saki salati. Liman ya ɗaga murya ya fara karatu, nan take rumbun ya yi ɗif.

Baffa ya ce, "Ta ji karatu ta yi lamo. A banka wa rumbun wuta, ta nemi wani masaukin."

Ni da kaina na ɗauko kananzir. Na watsa a jinkar, na zuba a karan da aka jingine a jikin rumbun. Na ƙyasta ashana, ta karye. Na zaro ta biyu. Sai Liman ya ce, "Dakata. Ina iyalinka? Kira ta, ka ce ta zauna inda take, kar ta shigo ta tarar da wuta ta firgita."

Na ce, "To, Allah ya gafarta malam." Na danna lambar Binta.

Waya ta fara ƙara a cikin rumbun.

Ba wanda ya motsa. Baffa ya ce ƙasa-ƙasa, "Innalillahi, har wayar yarinyar ta sace." Aka ɗaga. Na ji murya ɗaya a wuri biyu, a kunnena da cikin rumbu: "Na'am, Malam."

Ta wata 'yar ƙofar langa-langa da ke bayan rumbun ta rarrafo. Yanar gizo duk a mayafinta, kananzir ya jiƙa mata kafaɗa, ga littafi ɗan arba'in a hannu, ga igiyar sauraro tana lilo daga ƙaramar wayarta. Ashe rediyon waya take saka wa kunne, malamin darasi yana faɗa tana maimaitawa. Wata takwas tana haka. Ta durƙusa ta gaida Baffa da Liman, idonta a ƙasa.

Liman ya dube ni, ya dubi ashanar da ke hannuna, ya ce, "Kai ne gobe za ka yi mana wa'azin haƙƙin mata?" Wani ya fashe da dariya, sauran suka kama. Ni kuwa ƙasa nake roƙo ta tsage.

Bayan an watse na tambaye ta, "Kin ji warin kananzir, me ya hana ki fitowa?"

Ta ce, "Muryarka na ji. Na ce wuta dai in ta kama, mutane za su kashe. Faɗanka ne ban san mai kashe shi ba."

Na zauna a ƙasa.

Jawabin na yi shi ran Alhamis, baƙi suka tafa, 'yan gari suna ta tarin ƙarya. Da aka tashi na ɗauko rediyon daga ofis na ajiye shi a tsakar gida. Yanzu in matan unguwa za su asibiti Binta suke nema, ni kuma har gobe Mijin Baturiya ake ce min, ina amsawa.

Darasin da na koya shi ne, in ka ji aljani yana magana a gidanka, kafin ka nemi ashana ka fara tambayar kanka wa ka hana magana.