Rasuwar 'Yar Zomo, Rautar Gidan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yanzu ba ta fara jin nauyinsa ba, Tela ta hawan ƙasa tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa roƙon lambar sirri a gidanta, rasuwar rautarta, ƙaramin farin akwatin intanet mai kunnuwa biyu a tsaye, wadda yara suka raɗa wa suna 'Yar Zomo. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, a kan kantar falo, bayan doguwar jinyar zazzaɓi.

Marigayiya ba mai surutu ba ce. Iyakarta ɗan zuuu ƙasa-ƙasa, sai ƙyas idan an kunna ta, sai ƙifta koren idonta ba dare ba rana. Ba ta san rowa ba. Ta ciyar da mai gida da ƙwallo, ta ciyar da 'yan mata da bidiyon kwalliya, har maƙwabcin sama da ke saukowa matattakala wai shan iska yake yi, shi ma bai taɓa komawa hannu rabbana ba.

Amma babban aikinta ɗaya ne. Gidan nan sabis ba ya shigarsa, bangon ya yi kauri. Ita kaɗai ke kawo wa Tela fuskar Yaya, yayarta da ta raine ta, ta ɗora mata ƙafa a kan keken ɗinki, wadda ke kwance a asibiti a wata ƙasa mai nisa, wurin 'yarta. Tun da ciwon ya kama Yaya, bakinta ya rufe. Kullum da rana 'yar za ta kira, ta riƙe mata waya, Tela ta yi ta zuba ita kaɗai, Yaya tana kallo. Abin da Tela ke jira bai wuce ta sake jin muryar nan ba, ko da faɗa ne.

Game da sanadi, iyalan mamaciya ba za su ɓoye ba. Tela ba ta iya ganin abu tsirara a falonta. Talabijin na da riga, firji na da hula, rimot ma da nasa wandon. Don haka ta ɗinka wa marigayiya riga ta ƙyallen karan-miski, ta sa soso a ciki, ta yi mata shafi, ta bi baki da leshi, ta fitar da kunnuwan ta ramuka biyu daidai-wa-daida. Duk wanda ya gani sai ya yaba hannu. Ƙananan ƙofofin da ke jikin marigayiya kuwa, waɗanda ta nan take numfashi, Tela ta ɗauka aikin ganganci ne na masu ƙira, ta rufe su ruf.

Daga nan zazzaɓi ya soma. Jiki ya yi zafi rau, koren ido ya koma ja, fuskar Yaya ta daskare a waya baki a karkace. An yi jinya bakin gwargwado. Mai gida ya yi mata fifita da jarida. An juya mata fanka. An jingina mata gorar ruwan sanyi. Babbar 'yar Tela ta ce a cire rigar, aka cire, aka ga sauƙi. Sai ranar Laraba da safe aka ce masu kawo ɗinkin amarya na tafe, Tela ta dubi kanta ta ga abin kunya ne gidan tela a bar abu ba sutura, ta mayar. Ta ce na ɗan lokaci ne.

Ana cikin awo waya ta yi ƙara, ba a lokacin da aka saba ba. 'Yar Yaya ce, tana haki, wai Mama ta farka da magana, ƙanwarta take nema. Tela ta yar da tef. Fuskar Yaya ta cika waya, ta lashi leɓe, ta buɗe baki. Daga kan kantar falo aka ji tas, sai warin roba. Idon 'Yar Zomo ya mutu.

Tela ta fita titi ba takalmi tana ɗaga waya sama. Kafin kira ya shiga, Yaya ta koma barci. 'Yar ta ce ta yi magana kam, amma da yaren yarintarsu na ita da Tela ta yi, ita ba ta gane ko kalma ba. Likitoci sun ce a ci gaba da addu'a. Tela ta koma ciki ta ƙarasa awon amarya, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta nema, ba ta samu ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, igiya mai shuɗin kai, kwalin da ta zo a ciki, wayoyi marayu masu yawa, da magajiya da mai gida ya sayo washegari, wadda ke zaune tsirara a kan kantar falo ba mai ce mata komai.

Za a kai mamaciya makwancinta a cikin kwalinta, a durowar ƙasa inda sauran matattun wayoyin gidan suke, da zarar Tela ta iya tashi daga gaban wayarta. Ba a sa rana ba. Masu son yin gaisuwa su zo da ƙafarsu, ƙofa a buɗe take. Ana dai roƙon alfarma, don girman Allah, kada kowa ya kira. A bar mata layin.