Yadda Ake Aurar da Kifin Teku a Yerimaram

Ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, ni kuma na yi maka alkawari za a ga teku a falonka, da mijin kifi da matarsa suna shawagi a ciki, ko da kuwa ruwan da ka sani bai wuce na mai kura ba. Ni ne Mahdi mai cajin waya a unguwar Yerimaram. Ban taɓa zuwa teku ba, amma duk bidiyon kifin da ya shigo Potiskum ta shagona ya bi. Ilimi ba sai mutum ya jiƙe ba.

Kifin da muke magana a kai masu sayar da shi suna kiransa feri-ras. Tsawonsa bai fi yatsa ba, launinsa kamar an ɓarar da kantin atamfa. Ba a cinsa. Na sake faɗa saboda mutanenmu: ba a cinsa.

Mataki na 1: Samo dalili

Mai hankali ba ya sayen kifin da ba a miya da shi haka kawai, don haka sai ka tanadi abin da za ka faɗa wa majalisa. Ɗauki misalin maƙwabcina Baba Bakari, tsohon direban tirela, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai shanu Legas. Tun suna ango da amarya ya yi wa matarsa Gumsu alkawarin zai kai ta ta ga teku. Kullum sai ya ce tafiya mai zuwa. Ana nan har baya ya ƙi, ya ajiye sitiyari, ita kuma gwiwoyinta ko garin Fika da ke nan kusa ba sa kai ta cikin daɗi.

Alkawari kaya ne, kuma na Baba ya fara danne shi. Ya ce tun da ba zai iya kai ta teku ba, bari ya kawo mata tekun. Duk abin da yake so a duniyar nan shi ne ta zauna gaban gilashi ta ce masa, "Ka cika." Dalili irin wannan ka nema. In ba ka da shi, ka ce likita ne ya rubuta maka saboda hawan jini.

Mataki na 2: Haɗa tekun

Kana bukatar tankin gilashi, da famfon da zai riƙa juya ruwa, da fitila, da duwatsun murjani inda kifin zai ɓuya. Gishirin da za ka zuba na musamman ne, daga Legas ake kawo shi. Ba na miya ba ne. Duk wanda ya ce ka ɗan ƙara kanwa don ruwan ya yi laushi, ka gaishe shi ka wuce.

Sai sola, domin kifin nan bai san ana ɗauke wuta ba, kuma ba ya karɓar uzuri. Lokacin zafi ka ƙulla abota da mai ƙanƙara, ka riƙa jefa masa ƙulli ɗaya a leda. Kai ka sha ruwan randa.

Da muka gama haɗa na Baba, ya kira Gumsu cikin murna. Ta leƙo daga bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Maman Sharifa, ga teku."

"Randa ce dai mai gilashi," in ji ta. "Murjanin da na sani kuma a wuya ake sa shi."

Ta koma kan tuwonta. Irin wannan kada ta karya maka gwiwa. Ta karya wa Baba, amma kai kada ta karya maka.

Mataki na 3: Gane namiji, gane mace

A nan ɗan Potiskum yake faɗuwa, saboda ya yarda da idonsa fiye da kima. Mun saba da kara, kasuwar dabbobi, inda ake ɗaga wutsiya a duba, a buɗe baki a ga haƙori. Kifi ba shi da abin da za ka ɗaga.

Mun kira mai kifin a Legas ta bidiyo, ya haska mana su. Baba ya gyara tabarau, ya nuna wani mai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, mai dogayen fika-fikai yana ta yanga.

"Wannan ce amarya. Dubi kwalliya. Wancan ƙaramin mai launin bulo, wanda ya laɓe bayan dutse bai ce uffan ba, shi ne maigida."

Na ce, "Baba, ka juya maganar. A wajensu namiji ne mai kwalliya. Macen ƙarama ce, launinta a dushe, wani lokaci da ɗan ɗigon baƙi kusa da wutsiya."

"Kai Mahdi, namiji da jan baki?"

Daga tsakar gida muka ji muryar Gumsu. "Mene ne abin mamaki? Ranar Juma'a wa yake ƙarar da turare a gidan nan?"

Ka riƙe wannan ka'ida: wanda ya fi kyau, ya fi girma, ya fi yawo ba aikin fari, shi ne namiji. Kuma ka duba lafiya. Ka ce a zuba musu abinci kana kallo. Kifin da ya ƙi cin abincin kyauta ba ya da nisan kwana.

Mataki na 4: Namiji ɗaya tak

Ido zai ja ka ka sayi masu kyau biyu. Kada ka yarda. Maza biyu a tanki ɗaya direbobi biyu ne a mota ɗaya.

Wajen ɗauko su, nemi tirelar da ta sauke shanu za ta dawo wayam. Na Baba, Ayuba ne ya kawo su, tsohon yaron motarsa da ya zama direba. A gidan gaba suka zauna, cikin kular ruwa, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kuma Baba ya hana a sa waƙa. Ayuba ya ce shi da ya yi masa hidima tun yana saurayi bai taɓa samun wannan gata ba.

Mataki na 5: Murfi

Kifin nan yana tsalle. Ka sa murfin raga, ka bar shi a rufe, ko da zuciyarka ta ce maka zalunci ne.

Zuciyar Baba ta ce masa. Mutum ne da ya saba tsayawa a hanya ya duba ko shanu suna samun iska, sai wata rana da azahar, zafi kamar a gasa gurasa a kan bulo, ya cire murfin don baƙi su sha iska. Ya tafi masallaci. Namijin kuwa ya tashi burge matarsa, ya buɗe fika-fikai, ya yi sama kamar yadda ya saba. Wannan karon ruwa bai tare shi ba, darduma ce ta tare shi.

Baba ya dawo ya tarar da shi ya bushe kamar kilishi. Wallahi na tausaya masa. Ya zauna a ƙasa da kifin a tafin hannunsa yana ta jujjuya shi, domin mai kyan ne ya sa ran zai ja Gumsu zuwa gaban gilashi, ita kuwa har ranar ba ta zauna ba. Abin da ya rage masa ƙaramar nan ce mai launin bulo.

Mataki na 6: Kada ka yi gaggawar nemo wani miji

Baba ya ce a bar ta ta gama takaba, kafin nan Ayuba ya sake sauka Legas. Ita kuwa mai takabar ba ta zauna kuka ba. Ta fito daga bayan dutse, ta fara zagaye tankin lungu-lungu. Sannu a hankali ɗigon wutsiyar ya ɓace, shuɗi ya fara fitowa a gefenta, fika-fikai suka ƙara tsawo. Baba ya zo shagona a rikice, ya ce ko dai sammu ne ko gishirin ya lalace.

Ba ko ɗaya. Haka Allah ya halicce su. Kusan dukkansu mata ake haifarsu, in babu namiji a wurin sai wadda ta fi ƙarfi ta rikiɗe ta zama shi. Na bi shi gida na yi wannan bayani a tsaye a falo, da ƙarfi, yadda ya kamaci masani. Na ce yanzu in an kawo namiji faɗa za a yi, sai dai a kawo mace.

Ban san Gumsu tana bakin ƙofa ba. Ta shigo tana dafa bango, ta jawo kujerar tsugunno, ta zauna daf da gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Mahdi, ka ce da ya tafi, ita ta zama maigidan?"

"Haka ne, Inna."

"Ba wanda ya sa ta?"

"Ba wanda ya sa ta."

"Kada a kawo mata kowa," in ji ta. "Ta isa."

Mataki na 7: In ta zauna, ka yi shiru

Ka ga dai buƙata ta biya: mace ta zauna gaban teku. Mai wayo a nan yake tsayawa. Baba bai tsaya ba. Ya bari na ɗan matsa, ya rage murya, ya ce, "Maman Sharifa, to na cika?"

Ba ta ɗauke ido daga kifin ba.

"Malam, teku dai ban gani ba. Amma duk shekarun da kake hanya, rufi ya yi yoyo, Sharifa ta kwanta asibiti, aka yi suna biyu ba ka nan, na ɗauka ni kaɗai Allah ya yi wa haka. Ashe har a ruwa akwai mu." Ta matsa gefe kaɗan. "Jawo kujera. Ka tsaya min a ka kamar baƙo."

Ya jawo, ya zauna. Ni kuma na tuna na bar wayoyin mutane a wuta.

Sanarwa

Mahdi mai caji ba shi da hannu a mutuwar kowane kifi, ko ƙonewar batir, ko rikiɗewar kowace halitta daga abin da aka saya zuwa wani abu dabam. In ka bi matakan nan ka ji maganar da aka daɗe ana haɗiyewa a gidanka, kada ka zo shagona. Ni kifi na ce zan koya maka zaɓa, abin da matarka za ta gani a cikin gilashin tsakaninku ne.