Akwatin Inna Ya Ƙi Hawa Bene

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya karkace, bayana ne bai gama miƙewa ba. Kwanakin baya na yini a maƙale a kwanar matattakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, da akwatin gawar mahaifiyata a kafaɗa. Kada kowa ya yi mini ta'aziyya. Inna tana nan da ranta, ta ma fi ni cin abinci.

Mu huɗu ne a kan aikin, ni da maƙwabcina Pu da surukansa biyu. Muka juya shi ta kai, ya ƙi. Muka tsayar da shi, ya daki rufi. Pu yana can sama yana haki ya kira sunana ya ce, "Dehou, ko a rage masa tsawo kaɗan? Ai Inna ba doguwa ba ce."

Daga ƙasan bene sai muryar Inna: "Na ji ka, ɗan gidan Pu. Tun kana yawo ba wando bakinka ya fi ka girma. Ka taɓa shi da zarto ka gani."

Haka muka sauko da shi da baya da baya. Kafin la'asar Inna ta sa an mayar da shi bayan tarakta, ta hau ta zauna a gefensa, suka koma tsohon gidanmu na kan dutse tare. Ta ce inda ya kwana nan take kwana.

Kun san tsofaffinmu. A gabansu ma ba a cewa akwatin gawa, katakon tsawon rai ake cewa. Na Inna daga itacen da Baba ya dasa shekarar aurensu aka sassaƙa shi, kuma duk kaka sai ta tsaya a kaina na sake shafa masa baƙin fenti. Yanzu har fuskarka kana gani a jikinsa. Kowane gida a ƙauyenmu da tsoho a ciki akwai irinsa. Yaro ma ya san haka. Waɗanda ba su sani ba su ne jami'an gwamnati, Masu Girma Iyayen Tsari, masu hangen shekaru goma gaba, waɗanda idonsu bai taɓa sauka a kan kwanar matattakala ba.

Ni fa ba na raina ƙoƙarinsu. Ina da ƙuruciyata wani Mai Girma ya zo ya ce arzikinmu yana cikin lemo. Muka tuge masara muka dasa lemo, sanyin dutse ya kashe shi tas. Na bayansa ya ce ganyen shayi ne. Kafin shayin ya isa tsinka aka ƙara masa girma saboda nasarar shayin, ya tafi. Wanda ya gaje shi ya raba mana zomaye, mu da duk ƙauyukan gundumar a lokaci ɗaya, har ta kai karen gidanmu idan ya ga naman zomo sai ya kau da kai. Bayan duk wannan ne masana suka zauna suka gano bakin zaren: ashe laifin dutsen ne. Talauci a kan dutse yake zaune. Idan aka sauko da mutane aka bar shi can shi kaɗai, shi ke nan an rabu.

To, an sauko da mu. An ba mu ɗaki a hawa na biyar a sabuwar unguwa mai suna Wadata. Zan faɗi gaskiya, famfon yana da daɗi, kafaɗun matata Fenglan sun huta da ɗaukar ruwa. Sai dai gonata ba ta sauko ba. Idan na fita da sassafe, sai rana ta take nake isa, na gaisa da masara na juyo. Fartanyata tana bayan ƙofa, domin an hana ajiye ta a baranda, wai tana ɓata fuskar unguwa. Pu kuwa a bahon wanka yake kiwon agwaginsa, iyalinsa suna wanka a bokiti kamar da.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne Suying, 'yata. Ta ci jarrabawar babbar makarantar da ke gindin unguwar, ita ce ta farko a zuriyarmu. Amma makarantar ta 'ya'yan waɗanda suka fita daga talauci ce, kuma a tsari, gida bai fita daga talauci ba sai katafila ta rushe tsohon gidansa. Katafila kuwa ba ta rushe gida da tsohuwa a ciki. Ana gama girbi za a rufe ɗaukar ɗalibai. Idan aka rufe babu ita, na san inda za ta ƙare: masana'antar safa a can bakin teku, inda ƙanwata ta je da idanu biyu masu kyau ta dawo ba ta iya zura zare a allura.

Na hau dutse na roƙi Inna. Na same ta tana goge murfin akwatin da tsumma.

"Inna, saboda Suying ne."

"Na sani. Ni na goya ta, ba kai ba."

"To ki sauko. Mu bar shi a rumfar wani, idan lokaci ya yi sai a ɗauko."

"A rumfar wa? Ta gidan da za a rushe gobe, ko ta wanda aka rushe jiya? Ubanka ya tafi a cikin ɗan'uwan wannan katakon. Ni kuma so kake a naɗe ni a leda kamar awara?"

Ta zuba mini taliya mai barkono, na ci ina kallon ƙasa.

Washegari na wanke riga na tafi ofishin unguwa, wurin Ƙaramin Mai Girma, wani matashi mai farin takalmi wanda ban ga alamar ya taɓa taka laka ba. Na ce ranka ya daɗe, a ba mu izini mu ja akwatin Inna da igiya ta baranda.

Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Kawu Tian, kayan tsohuwar al'ada ba sa shiga Wadata. Kuma ka duba taswirar nan da kyau. Ga wurin firiji, ga wurin talabijin. Ka ga wurin akwati?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe. Mutanen Wadata ba za su riƙa mutuwa ba ne?"

"Wannan ba sashenmu ba ne. Mu rayuwa muka tsara."

"To me aka yarda a ja ta baranda?"

"Kayan ɗaki na zamani, da ma'ajiyar hatsi. Shi wannan har motar ɗaga kaya muke bayarwa kyauta, domin Babban Mai Girma zai zo duba yadda manoma ke tanadin abinci, kuma har yanzu ba mu sami gida ko ɗaya da ya tanada ba."

Na so in tambaye shi inda manomin da aka raba da gonarsa zai samo abin tanadi, amma na tuna Suying, na haɗiye, na yi godiya na fito.

Da na ba Fenglan labari tana yanka kabeji, sai ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Baban Suying, shekara nawa kana shafa wa akwatin nan fenti, ka taɓa ɗaga murfin?"

"Wa zai ɗaga? Ai ba kyau."

"Ba kyau gare ka. A ina kake zaton Inna ke ɓoye irin masara, ɓera bai taɓa ci ba? Ka koma ka ce musu kana da rumbu. Ko ƙarya ba ka yi ba."

Inna ba ta yi gardama ba. Sharaɗinta ɗaya, kada a rubuta komai a jikinsa. Muka cika shi da masarar bana har baki. Motar ofis ta zo da ƙugiyarta, akwatin Inna ya tashi sama yana sheƙi a rana, duk unguwa an fito ana kallo. Tsofaffi suka cire huluna. Ƙaramin Mai Girma yana tsaye yana daga wa direba hannu yana cewa a yi hankali da rumbun. Inna kuwa ta hau matattakala da ƙafarta, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba, ta riga akwatin isa.

Ranar ziyara Babban Mai Girma ya shigo ɗakinmu da ayarinsa da masu ɗaukar hoto. Ya ga akwatin ya ɗan tsaya. Jama'a, mutumin nan furfura gare shi, kuma daga yadda yake furta magana ka san shi ma ɗan kan dutse ne. Na rantse uwarsa tana da irinsa. Ya sani, na san ya sani, duk wanda ke ɗakin ya sani. Sai ya ɗaga murfin, ya damƙi masara ya sake ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa, ya juya wajen masu hoto.

"Kun ga basirar manomi idan tsari ya haska masa hanya. Ba ɓera, ba danshi. Iya, wa ya ba ku wannan dabara?"

Inna ta ce, "Mijina, ranka ya daɗe. Nasa ma yana can yana amfani da shi."

"Madalla. A yaba masa."

Aka tafa. Kafin ya sauka ƙasa ya ba da umarni kowane gida a Wadata ya mallaki irin wannan rumbu. Yanzu kullum taraktoci ne ke gangarowa daga dutse, kowacce da baƙin rumbu a baya da tsoho zaune a gefe. Mahaifin Pu, wanda ya rantse sai dai a rushe gida a kansa, ya sauko shekaranjiya yana murmushi. Na ji an ce wasu gundumomi za su turo wakilai su koyi abin.

Katafila ta hau ta yi aikinta. Ban je kallo ba. Pu ya ce ba ta daɗe ba, gidan da kakana ya gina ya kwanta kamar dama jira yake. A ranar aka sanar da ni cewa na fita daga talauci. Na shafa jikina ban ji wani bambanci ba, in ban da ciwon bayan nan. Amma da safiyar yau Suying ta sa rigar makaranta mai ruwan bula, hannun ya yi mata tsawo, ta tsaya a gaban akwatin kakarta tana gyara gashi a sheƙin fentin, domin har yanzu ba mu sayi madubi ba. Na bi ta da kallo daga baranda har ta shige ƙofar makarantar. Wannan kam ba zan yi masa ba'a ba.

Saura magana ɗaya. Jiya Ƙaramin Mai Girma ya hawo da kansa ya shaida mana cewa tunda rumbunmu ne abin koyi, dole baƙi su riƙa samunsa cike da masara duk lokacin da suka zo, har zuwa ƙarshen wannan tsarin. Ban san inda zan samo ta baɗi ba, watakila a kasuwa, kamar sauran manoman Wadata. Inna ta saurare shi har ya gama.

"Wato idan na tashi tafiya sai na nemi izini?"

"Iya, a dai yi haƙuri tsarin ya kammala."

"Ba komai, yaro. Na ga bayan lemo, na ga bayan shayi, na ga bayan zomaye. Wannan ma ina jira."

To kun ji, an haramta wa Inna mutuwa. Masu cewa Iyayen Tsari ba su taɓa tsinana wa talaka komai ba, sai ku gyara bakinku. Ga tsohuwa guda sun ƙara wa kwana, ko da yake na duba taswirar, wannan ma babu shi a ciki.