Baƙar Leda a Ƙofar Shagona

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙorana sun zube, da ranar da na watsa layin masu kayan mota na Bolari da bakina.

Lokacin nan ne da bam ke tashi a tashoshi, kowa na tafiya yana waige. In ka manta jaka a kan benci, kafin ka dawo an bar maka unguwar. Ni dillalin kayan mota ne, kuma ina ji da wayona, har an san ni da cewa ba a yi mini sakiyar da ba ruwa.

A gida kuwa, can Manawashi, mun hana yara fita. Don kada su haukata uwarsu, na koma ƙera musu motoci: gwangwanin madara, tayoyin tsohon silifas, titi a zana da gawayi a tsakar gida, gada da kwalin sabulu. Ta ɗana Abba, mai shekara biyar, na yi mata gata. Na ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, na haɗa da batir, na naɗe da salatif. (Tsakanina da ku, na fi yaran jin daɗin wasan.)

Ran nan na dawo daga sallar azahar na tarar da baƙar leda a ƙofar shagona, a ɗaure tam. Wayoyi biyu sun leƙo, ja da baƙa. Na matsa kaɗan, sai na ji tana ƙara ƙasa-ƙasa, zzzz.

Na ja da baya. Na ce wa maƙwabcina Emeka, mai sayar da taya, "Wa ya ajiye wannan?"

"Wani mai keke ne, Alhaji. Ya tambayi shagonka, ya ajiye, ya wuce."

Shagona ya tambaya! Wato ni aka nufa. Ban san lokacin da na kwarara ihu ba: "Bam! Jama'a ku gudu!"

Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mata suka suri yara. Emeka, da ƙibarsa, ya tsallake tulin taya kamar akuya. Ni kaina sai bayan masallaci na lura takalmi ɗaya ne a ƙafata.

Jami'an tsaro suka zo suka tare titi. Ana haka sai ga samari sun jawo mai keken, sun kamo shi a cunkoson shinge. Yaro ne siriri, riga a yage, baki na jini. Wani har ya ɗauko taya don a ƙona shi. A kwanakin nan, in aka nuna mutum da yatsa, ba a jiran alƙali.

Yana kuka yana cewa, "Wallahi aiko ni aka yi! Wata Hajiya ce a Manawashi, ta ce in kawo wa maigidanta ya gyara, yaro ya hana su sakat da kuka!"

Manawashi, unguwarmu! Ja da baƙa. Da hannuna na murɗa wayoyin nan.

Zan faɗi gaskiya: da farko na so in ɓoye maganar. Ina tunanin in na ce tawa ce, da ni za a tafi, kuma ba kowa ke dawowa ba. Sai na ga wanda ya ɗauko tayar nan ya ƙara matsowa kusa da yaron.

"Ranka ya daɗe," na ce wa babban jami'an, muryata kamar ta ɗan tsako, "ina jin... motar ɗana ce."

Ya dube ni daga hula har ƙafar da ba takalmi. "Kai ne ka yi ihu?"

"Ni ne."

"Kuma taka ce?"

"Ina kyautata zato."

"To je ka buɗe."

Ban taɓa tafiya mai nisa irin wannan ba. Titi wayam, bindigogi a bayana, zuciyata na cewa in fa ba ita ba ce? Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga bayi. Na tsuguna, na yaga ledar.

Motar Abba ta faɗo a kan tayoyinta. Girgizar keke ta haɗe wayar da ta saki, sai ta miƙe titi abinta, zzzz, ta nufi jami'an.

"Kama ta!" babban ya daka mini tsawa.

Haka na bi gwangwanin madara a guje, da babbar riga da takalmi ɗaya, Bolari kaf na kallo. Emeka ne ya fara fashewa da dariya, sai layin ya ɗauka.

Aka saki mai keken. Na kai shi kemis, na ba shi haƙuri har bakina ya gaji. Ya tofar da jini ya ce, "Ba komai, Baba. Amma gobe in Hajiya na da saƙo, ta aiko ka."

Har yau Alhaji Bam ake kirana a layin, kuma ina amsawa. Abin da na koya shi ne: kafin ka ce jama'a su gudu, ka fara tambaya ko daga gidanka kayan suka fito.