Ranar da Na Koya wa Baba Nomau Sanin Taya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ɗaurin auren ƙanena Mansur ba, kuma ko na so in manta, hoton da ke rataye a ɗakin mahaifiyarmu ba zai bar ni ba. Kowa a hoton nan fes yake cikin farar shadda. Ni kaɗai na koma gefe na rungume hannuwa a ƙirji kamar mai jin sanyi, alhali tsakiyar bazara ake. To yau dai bari in faɗi abin da nake ɓoyewa.

Muna da wata tsohuwar jif da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari. Da ita yake bin ƙauyukan Batsari da Safana sayen gyaɗa. Gwaggo muke ce mata, don ta girmi rabin 'yan gidanmu, kuma ba ta tashi sai an lallashe ta. Tun da fetur ya yi tashin nan, albashin malamin makaranta irina ya koma ba ya kai tsakiyar wata, sai na ajiye ta gindin bishiyar bedi na koma kan babur. Kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Tayoyi kuwa suka tsattsage kamar diddigen manomi, safayar da ke manne a baya ma ta daɗe da rasuwa.

Sai ga auren Mansur ya taso, a Tsaskiya za a ɗaura. Sau biyu ana ɗaga auren nan: na farko hanya ce ta ƙi biyuwa saboda 'yan bindiga, na biyu hatsi ne bai yi ba. Uban yarinya ya gaji. Ya aiko cewa in Asabar ɗin nan azahar ta yi ba a ɗaura ba, to a bar maganar, kowa ya kama gabansa. Ba mugunta ba ce, a yankinmu yanzu da hantsi ake taro a watse, babu mai son la'asar ta same shi a hanya. Aikina ɗaya ne tak: in ɗauki Baffa Isiya, ƙanen mahaifinmu wanda zai karɓa wa Mansur aure, da dattijai biyu, da goro, in sauke su a ƙofar gidan kafin ƙarfe sha ɗaya.

Na sayar da ragon da nake kiwo don in yi wa Gwaggo takalma. Abin da na samu, ko dai ya sayi sababbin tayoyi biyu, ko na gwanjo huɗu. Na lallaɓa da ita wurin Baba Nomau mai faci, wanda rumfarsa ke bakin tasha tun kafin a haife ni. Shi ke duba tayoyin motar nan tun zamanin mahaifinmu. Bai yi boko ba, ba shi da wata na'ura sai ƙarafan ɓanɓare taya da rabin duro na ruwa da farcen babban yatsansa. Ya zagaya motar a hankali, ya tsuguna gaban kowace taya, ya danna farce, ya shafa, har da kai hanci.

“Malam,” ya ce (tun da na fara koyarwa yake ce mini Malam, shi da ya ga ranar sunana), “biyun nan na hagu sun gama aiki. Amma biyun dama da sauransu, tsagar a fata ta tsaya. Sayo sababbi biyu, mu haɗa da su. Ka je ka dawo lafiya.”

Na ce to. A baki ke nan. A zuciya kuwa cewa na yi, haba, auren ƙanena, in shiga garin surukai da taya biyu baƙaƙe biyu furfura?

Laifin wayata ne, ko in ce laifin wanda ke riƙe da ita. Kwana uku ina karance-karance a kan taya. Na gano akwai tayar zafi, akwai ta ƙanƙara, akwai kuma wadda ake kira ta kowane yanayi, rani da damina duk nata ne. Na haddace lambobin da ke gefen taya kamar mai shirin jarrabawa. (Uwargida ta ce ko a barci sai da na ambaci faɗin taya. Ban yarda ba, amma ban musa da ƙarfi ba.) Ranar Laraba na hau mota sai Katsina, na shiga layin 'yan gwanjo ina taku kamar sufeto. Wani mai saida taya ya dube ni sau ɗaya ya gane ya samu kasuwa. Ya gangaro mini da huɗu, baƙaƙe wul, suna sheƙi, zanensu zurfi har yatsa na shiga.

“Yallaɓai, da ganinka ka san taya,” in ji shi. “Wannan ta kowane yanayi ce, ba kowa nake nuna wa ba.”

Wallahi da wannan magana kaɗai ya gama da ni. Na duba lambobi, na gyaɗa kai, na ma ƙara masa bayanin da bai tambaya ba.

Da na kawo su rumfar Baba Nomau, akwai mutane zaune kan benci. Ya ɗauki ɗaya, ya zura yatsa cikin zanen, ya bi shi a hankali, ya dubi yatsan. Ya danna farce a gefe. Sai ya ja ni baya kaɗan, ya rage murya don kada na benci su ji.

“Malam, wannan zanen ba na kamfani ba ne. Ta suɗe ne aka sake yanka mata da wuƙa mai zafi. Saura ƙiris a taɓa waya. Baƙin nan kuma man goge takalmi ne. Ka mayar.”

Shi ya rage murya, ni na ɗaga tawa. Na zaro waya, na juya ga 'yan benci, na buɗe aji. Na yi bayanin tayar kowane yanayi, na karanto lambobi, na ce zamani ya canza, yanzu taya ilimi ce, ba a shinshina ta kamar daddawa. (Eh, haka na ce. Daddawa. Ga mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina a kafaɗarsa.) Wasu suka yi dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar.

Baba Nomau ya juya ga aikinsa. Ya ɗauko ƙarafansa ya ɗaura mini tayoyin nan huɗu, ya ɗaure kowane noti da kyau kamar motar gwamna ce. Da ya gama ya nuna tsofaffin, ya ce, “Waɗannan fa?”

“Baba, a ba masu yin takalma, ko a yi wa awaki wurin shan ruwa.”

“To madalla. Yaushe ne tafiyar?”

Na faɗa masa, na ma ce ya zo in ba shi kujera a jif, tunda shi ma an gayyace shi. Ya ce a'a, ya fi son bayan a-kori-kurar Sule, wadda za ta ɗauko sauran 'yan rakiya, wai can ya fi shan iska.

Asabar da safe muka kama hanyar Safana. Baffa Isiya a gaba, dattijai biyu a baya da huhun goro tsakaninsu. Ni kuwa na sha shadda fara sol, sabuwa dal, har hula sai da na karya gefe. Rana ta fito da wuri, kwalta ta fara ɗaukar zafi. Ina duba madubi ina ganin a-kori-kurar Sule manne a bayanmu. Sule fa, wanda ba ya iya ganin mota a gabansa bai wuce ta ba! Na fito da hannu na yi masa alamar ya wuce, ya ƙi. Na rage gudu, ya rage. Sai na yanke wa kaina hukuncin cewa tsoron sababbin tayoyina yake ji, na ƙara taka mai.

Baffa ya ce, “Kai, motar nan yau kamar ba ita ba.”

Ai kuwa ya taɓo inda nake so. Na ce, “Baffa, taya ce. Ni na je Katsina na zaɓo da kaina. Baba Nomau ma ya so ya hana ni, wai in bar tsofaffi biyu. Ka san mutanen da, kirki gare su, amma abin ya wuce saninsu.” Na maimaita musu har zancen daddawa. Ɗaya daga cikin dattijan ya ce, “Uhm.” Na ɗauka yabo ne.

Ban rufe baki da minti biyar ba muka faɗa wani rami. Ba wani babban rami ba, irin wanda babur ke wucewa bai sani ba. Sai ji muka yi dam! Sitiyari ya fizge, motar ta yi dama, huhun goro ya haye cinyar dattijo, Baffa yana ta salati. Allah ya taimake ni na tsayar da ita a gefen hanya. Na fito na duba. Tayar gaba ta dama ta fashe, wayoyi sun yi cirko-cirko. Ta bayanta kuma ta saluɓe, fatarta na kwance can kan kwalta. Biyu a lokaci ɗaya, ga safaya matacciya.

Wurin kuwa ba gari ba ne, gonaki ne fayau sai duwatsu da daji can gaba. Babu wanda ya faɗi abin da ke ransa, amma kowa idonsa na kan dajin nan. Mansur ya diro daga a-kori-kura, ya dubi tayoyin, ya dubi agogo, ya dube ni. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Motar Sule cike take maƙil, kuma Baffa da ciwon bayansa ba mai jefa shi bayan a-kori-kura a hanyar Tsaskiya mai gargada. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yaron nan aure saboda ƙyalli.

Sai na ga Baba Nomau yana saukowa a hankali. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke, ya miƙa wa Sule. Ya ce mutane su ɗan ɗaga ƙafa. Daga ƙarƙashin tabarmar da suke zaune a kai aka jawo tsofaffin tayoyina biyu, na daman nan da ya ce da sauransu. Aka jawo ƙarafansa, da jak, da famfon hannu, da tib guda biyu, don ya san famfon hannu ba ya iya tayar da taya in babu tib a ciki. Ashe duk hanyar nan a kan abin shan ruwan awakina 'yan rakiya suke zaune. Ashe shi ya ce wa Sule kada ya kuskura ya wuce ni.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Tsoho mai shekara kusan saba'in, a kan kwalta mai zafi, ƙarfe na shiga ƙarfe na fita, babu motsi ɗaya na banza. Yana yi yana ba kowa aikinsa: wannan ya riƙe, wancan ya danne, samari su karɓi famfo bi da bi. Ni ma na ce bari in nuna ina da amfani. Na sunkuya na rungumi fasasshiyar tayar zan kawar gefe. Da na ajiye ta, sai na ga kowa ya zuba wa ƙirjina ido. Man takalmin nan ya narke da zafi, ya buga mini zanen taya ɓaro-ɓaro a gaban farar shadda, daga kafaɗa har cibiya, kamar mota ta bi ta kaina.

Duk wannan mai sauƙi ne. Baffa Isiya ya tako da sandarsa, ya tokari fatar tayar da ta saluɓe, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Wai wane ne ya haɗa mu da wannan bala'i?”

Baba Nomau, ko ɗago kai bai yi ba, yana ɗaure noti ya ce, “Alhaji, ni na ɗaura su da hannuna. A yi haƙuri.”

Wayyo Allah. Bai san abin da na faɗa a cikin mota ba. Amma Baffa ya sani, dattijan nan biyu sun sani. Baffa ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ɗan tsaya a kan zanen ƙirjina, sannan ya ce a hankali, “Ikon Allah. Nomau, ashe haka mutanen da suke. Kirki gare ku, amma abin ya wuce saninku.”

Dattijon nan mai “uhm” ya ƙara wani “uhm” ɗin. Wannan karon na fahimce shi sarai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu zan shiga in ja ta in rufe.

Muka ƙarasa a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai, Baba Nomau a kujerar baya yana sauraren sauran tayoyin gwanjo biyu da kunne. Mun isa Tsaskiya liman ya fara duba rana, uban yarinya ya riga ya haɗe rai. Aka zauna, Baffa ya nema, aka ba shi, aka shafa fatiha. Mansur ya rungume Baba Nomau kafin ya rungumi kowa, kuma ban ga laifinsa ba. Ni dai na yi taron nan duka hannuwa a ƙirji, har mai hoto ya ce in saki jiki, na ce haka nake tsayuwa.

Washegari na je rumfarsa, na tsuguna har ƙasa a gaban 'yan bencin nan dai, na faɗi duk abin da na ce, na cikin mota ma ban rage ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai daddawar ma sai wanda ya sani ke gane mai kyau. Sai na tambaye shi abin da ya tsaya mini a rai.

“Baba, tunda ka san za su fashe, don me ka yarda ka ɗaura?”

Ya ci gaba da murza tib a cikin ruwa yana neman inda ke yoyo.

“Da na ƙi, wurin wani za ka kai ya ɗaura maka. Shi kuma ba zai biyo ka a baya ba.”

Har yau ina karance-karance a waya, hali ne, ba ya fita. Amma duk ranar da na ga Baba Nomau ya tsuguna ya fito da farcen nan, sai in mayar da wayar aljihu in ja bakina in yi shiru. Tayoyin Katsina kuwa suna nan bayan gida, na yanka su biyu-biyu, awaki na shan ruwa a ciki rani da damina. A nan dai mai tayar bai yi mini ƙarya ba, na kowane yanayi ne.